Ramar Dokta Maitama

Dokta Maitama mutum ne da in ka tambaye shi me ya sa zoɓo yake ja, to ka nemi kujera, don shayinka zai huce bai kai rabin bayani ba. Launin tsiro shi ne karatunsa tun daga Samaru, inda ya fara da karan dafi, jar dawar nan da dukawa ke rina fata da ita, har karatun ya ɗauko shi ya dire a Amurka. Ya yi shekaru a wani ofishin binciken noma, ya sayi gida mai ɗan fili a baya a garin Bowie na jihar Maryland, ya kawo mahaifiyarsa Hajiya Furera ta zauna tare da shi da matarsa Tayyiba. Ana nan sai aka rage ma'aikata, sunansa na ciki.

Ya daɗe a gida yana zagaya falo kamar mai neman makulli. Wanda ya ɗauke shi aiki daga baya wani Ba'amurke ne, Raymond, mai gonar tabar wiwi mai lasisi. A Maryland doka ta yarda da wannan noman. Abin da Raymond yake so shi ne wiwi mai launin shunayya, don ita masu saye ke rububi. Matsalar ita ce launin ba ya fitowa sai sanyi ya bugi tsiron. Maitama ya yi masa bayani cewa sinadarin da ke sa zoɓo ja shi ne kwance a cikin ganyen, koren ne yake danne shi, sai sanyi ya zo koren ya ja da baya sannan a gan shi. Ya ce zai iya samar da irin da zai fito da launinsa tun yana jariri, da sanyi ko babu.

Aikin na haƙuri ne. Ka haɗa wannan uwa da wancan uba, ka shuka 'ya'yan, ka zaɓi wanda ya fi duhu ka zubar da saura, ka sake haɗawa, ka sake jira. Maitama ya shiga aikin da ƙyama, amma kafin shekara ta zagayo ya fara yi wa tsirran magana. A gida kuwa, in Hajiya ta tambaya, sai ya ce binciken tsirrai yake yi. Bai yi ƙarya ba, kuma bai faɗi gaskiya ba, abin da masu ilimi suka ƙware a kai ke nan.

Lauyarsa Constance ce ta fara tsorata shi, ranar da ya je shirya takardun zama ɗan ƙasa. Da ta ji inda yake aiki sai ta ajiye biro.

"Dokta, jiha ta yarda, gwamnatin tarayya ba ta yarda ba. Takardarka kuma ta tarayya ce. Za su sa ka ɗaga hannu ka rantse, su tambaye ka ko ka taɓa noma abin nan ko ka raba wa wani. Aikin da ka riga ka yi, ka bar ni da shi, zan ga yadda zan yi. Amma daga yau ko ganye ɗaya kada ka taɓa. In aka same ka da shi, ba zama ɗan ƙasa kaɗai za ka rasa ba, katin zaman da ke hannunka ma zai iya tafiya. In kuma ka tafi, wa zai riƙe mahaifiyarka a nan?"

A makon ya ajiye aiki. Da a nan ya tsaya da babu labari. Amma haɗi ɗaya ne ya rage masa, ɗaya tal, kuma mutumin da ya kai shekaru yana bin launi guda ba ya jin maganar lauya da kunne biyu. Ranar da ya kwashe kayansa ya fito da 'yan ƙwayoyin iri a aljihun kwat, da garin furen namiji a wata 'yar kwalba, ya ɓoye ta a firiza bayan ledar kuɓewa.

Filin bayan gida na Hajiya ne. Tun zuwanta ta ce ba ta ga amfanin ciyawar da ake yi wa aski duk mako ba, kuma ko akuya babu. Ta sa aka tone rabi, ta shuka alayyafo, yakuwa, tattasai, da rama layi-layi har jikin shinge. Duk wanda ya san rama ya san ganyenta yatsu-yatsu ne, kuma daga nesa ba ka bambanta ta da wiwi. Maitama ya tsaya a taga yana kallon ramar uwarsa, dabara ta zo masa, ya ji daɗin kansa ƙwarai. Ya dasa nasa a tsakiyar layi na uku.

Hajiya ba ta yi boko ba, amma ta san kowane tsiro a filin nan kamar yadda ta san jikokinta. Da suka kai gwiwa ta kira shi.

"Maitama, zo nan. Wannan wace irin rama ce? Ganyenta kamar zarto, ga wani wari kamar an taka tafasa a ruɓe."

"Ramar nan ƙasar ce, Hajiya. Ni na shuka."

"To ana kwaɗonta?"

"A'a, ba a ci. Kada ma a taɓa. Ta aiki ce, irinta kawai nake so."

"Irinta," in ji Hajiya, ta gyaɗa kai. "To Allah ya sa albarka."

Matar da ta yi rayuwarta daga gidan uba sai gidan miji, wiwi a wurinta suna ne kawai da ake kira in ana zancen 'ya'yan da suka lalace. Ba ta taɓa ganinta a tsaye a ƙasa ba. Daga ranar ta ɗauki tsirran nan kamar marayu. Su take fara zuba wa ruwan wankin shinkafa, su take tsince wa tsutsa, don aikin ɗanta ne, kuma ta ga yadda rashin aiki ya rame shi.

Tayyiba ce ta gane, don ita ma'aikaciyar jinya ce, ta san warin daga jikin marasa lafiya. Ta same shi a gareji ta rufe ƙofa.

"Baban Afnan, a cikin ramar Hajiya? Hajiya fa?"

"Zuwa Oktoba ne kawai. In kwashe irin, in tuge su, shi ke nan."

"Lauyar nan ta ce maka ko ganye ɗaya."

"Wa zai gani? Kore ne cikin kore."

"Kai da bakinka ka ce min ba ta zama kore," in ji Tayyiba. Ta buɗe ƙofa ta fita.

Da suka yi fure ya ɗauko kwalbarsa daga firiza, ya bi su da ɗan burushin fenti yana shafa garin a hankali. Suka ɗauka. Ƙwayoyi suka fara kumbura.

Sai sanyi ya shigo. Abin da Dokta mai digiri uku bai lissafa ba shi ne, rama 'yar ƙasar zafi ce. Sanyin da yake jira ya fito masa da launi, shi ne ya kashe mayafin. Cikin 'yan kwanaki ramar Hajiya ta yi rawaya, ta zubar da ganye, ta bar tsirarun kara. A tsakiyarsu tasa ta tsaya a tsaye, ta fi mutum tsawo, tun daga jijiyar ganye har kan furen ta rine kamar an tsoma ta a tukunyar zoɓo. Kullum aka wayi gari ta ƙara duhu. Kyakkyawa ce, wannan ba a musu. Kana tsaye a titi, in ka leƙa ta tsakanin gidaje, ita za ka fara gani.

Maƙwabcinsu Clinton, dattijo ɗan fansho da ba ya rasa abin yi kusa da shinge, ya tsayar da injin share ganyensa wata safiya ya daɗe yana kallo.

"Launi mai kyau, Dokta," ya ce da Turanci. Ya yi murmushi, ya sake kunna injinsa.

Maitama ya ji tsoro na gaske ranar. Amma ya duba ƙwayoyin, ba su gama nuna ba. Ya ce saura kaɗan. A daidai lokacin aka kira shi wani taron masana noma a wata jiha, inda yake sa ran samun aiki, ya tafi na mako guda yana cewa da ya dawo zai gama da ita.

Ya dawo ya tarar da fili fes. Babu rama, babu tasa, an share an tara karan a buhunan takarda a bakin titi, motar shara ma ta riga ta kwashe. Ya shiga gida da jakarsa a hannu. Hajiya na zaune a kan darduma, fuskarta cike da fara'a, ta miƙo masa kwalbar man shafawa da aka wanke tas.

"Washegarin tafiyarka aka ce ƙanƙara za ta sauka. Na ce wahalar yaron nan ba za ta tafi a banza ba. Na yanke, na shanya a ɗakin wanki, na murje a faifai. Hannuna har yanzu danƙo yake."

Ya karɓa. Ƙwayoyi ne masu kyau, sun nuna, masu zane-zane a baya. Ya ji wani sanyi a ransa. Sai ya sake ɗaga kwalbar, ya tuna yawan furen da ya shafa.

"Hajiya, iya su ke nan?"

"Naka ke nan. Sauran na raba."

"Kin raba?"

"Ranar Lahadi, a wurin karatun mata. Na nuna musu hotonta a waya, kowa ta ce tana so. Na gaya musu ba a ci, ta ado ce. Na ƙulla musu kaɗan-kaɗan a takarda, na ce irin Dokta ne, shi ya haɗa da hannunsa. Ka ji addu'ar da aka yi maka kuwa?"

Maitama ya ajiye jakar.

"Su wa da wa kika ba?"

Fara'ar ta ragu. "Me ya sa?"

"Ina so ne a karɓo. Na aiki ne, Hajiya."

"A karɓo?" Ta gyara zama. "In ba mutum abu da hannuna, in koma in ce ya dawo da shi? Ramar da kake ci a gidan nan, wa ya sayar min da irinta? Hajiya Mardiya ce ta ba ni, ita ma wata ta ba ta. Yakuwar nan daga Maraɗi ta zo a bakin zanin wata. A gidanmu ba a rowar iri, ko a shekarar yunwa ban ga an yi ba. Ba ga naka nan ba, ya fi rabi?"

"Ki dai faɗa min sunayen."

"Na manta," in ji Hajiya Furera, ta ɗauki carbinta.

Ba ta manta ba, shi ma ya san ba ta manta ba. Kalma ɗaya ce za ta buɗe bakinta, kuma kalmar tana kan harshensa. Ya dubi tsohuwar nan da ta sayar da awarwaronta ta biya masa jarrabawa, wadda take gabatar da kanta ga baƙi da cewa ita ce uwar Dokta, ya kasa. Ya ɗauki kwalbarsa ya haye sama.

Tayyiba ta yi iya yinta. Ba ta je karatun ranar ba, tana wurin aiki, amma ta bi waɗanda take zato ɗaya bayan ɗaya, tana cewa an gano irin yana da cuta. Mata biyu suka dawo da nasu, suna kallonta wani iri. Wata ta ce ta jefar. Wata ta ce ai ita ba a ba ta ba, kuma ta ji haushi. Daga nan Tayyiba ta tsaya, don tambayar ta fara jawo tambaya.

Hunturu ya zo ya rufe komai. Maitama ya zuba nasa irin a masai ya ja ruwa, ya tsaya yana kallo har suka tafi. Ya riƙa lallashin kansa. Mata ne, ƙullin takarda ne, zai ɓace a gindin jaka tare da tsofaffin rasit. Wa ke tuna kyautar kaka in bazara ta zo? Yana faɗar haka a ransa kamar bai san mutanensa ba. Matar da ta ɗauko irin yakuwa daga Maraɗi ta tsallake teku da shi ba ta yar da ƙulli. Duk sanda ya ga ƙanƙara ta fara narkewa a bakin titi sai gabansa ya faɗi. Wasu na murnar rana ta fito, shi yana duba yanayin gobe yana fatan sanyi ya ƙara kwana.

Aka sa masa ranar ganawa da jami'an shige da fice a ƙarshen Mayu. Constance ta zaunar da shi suka bi tambayoyin. Da ta zo kan waccan tambayar ta ɗago ta dube shi.

"Tun da ka bar wurin Raymond, babu komai, ko?"

"Babu," ya ce. Ya ji kalmar ta fito da sauƙi, abin ya ƙara ba shi tsoro, don ran ganawa da rantsuwa zai faɗe ta.

Saura 'yan kwanaki, wata Asabar bayan azahar, suna cin abinci, wayar Tayyiba ta yi ƙara. Ta duba, ta daina tauna. Ta tura masa wayar a kan tebur.

Zauren hirar matan karatu ne na waya. Fatouma ce ta sa hoto tun da safe, wata 'yar Nijar mai sayar da atamfa da turare, matar Maman direba, suna zaune a gidajen haya na Greenbelt. Ta jera gwangwanayen tumatir da robobin yogot a gefen matakalar gininsu, a waje, inda rana ke bugawa, dab da wurin ajiye motoci. Za su kai goma sha. A cikin kowanne tsiro ne ya kai taƙi guda, ganye yatsu-yatsu. A ƙasa ta rubuta cewa ramar Dokta Maitama ta fito, Allah ya saka masa da alheri. Mata suna ta zuba amin.

Ya buɗe hoton da yatsu biyu. A lissafinsa, in ya yi sa'a, ɗaya cikin huɗu zai fito da launi. A nan fiye da rabi ne. Ga su cikin zafin Mayu, ba sanyi ba komai, shunayya tun daga kara har bakin ganye. Abin da ya bi shekaru yana nema ke nan. Kuma Allah ya sani, abin da ya fara ji murna ce, tsantsarta, har bakinsa ya buɗe. Sai ya ga tayar mota a gefen hoton, da ƙafar wani mai wucewa, murnar ta gushe. Da kore ne da an wuce su kamar kowace ciyawa. Shi ya yi musu launin da ba a wucewa.

"Tashi ka tafi yanzu," in ji Tayyiba ƙasa-ƙasa. "Yanzu."

Ya tashi. Yana laluben makullin mota wayarsa ta yi ƙara. Maman ne. Cikin sauri ya danna, sai muryar ta fito a lasifika, ta cika ɗakin.

"Salamu alaikum, Dokta. Kuna lahiya? Ina Hajiya?"

"Lafiya lau, Maman. Ina ma hanyar zuwa wurinku."

"To madalla, ka hutasshe ni. Bon, wata 'yar magana ce. Mai kula da gidanmu ta kira polis bisa hakin nan da Fatouma ta shibka. Sunka zo su biyu, sunka ɗauki hoto, sunka kwashe gwangwanayen duka. Wai wani abu ne, ni ban gane ba. Sunka tambayi takarduna, kuma ka san nawa har yanzu suna hannun alƙali." Ya yi 'yar dariya, irin ta mai son a ce masa babu komai. "Amma na ce musu su kwantar da hankali. Na ce wanga iri ba a titi munka same shi ba, babban dokta ne na tsirrai ya haɗa shi da hannunshi, uwarshi ta raba ma mata. Fatouma ta nuna musu hoton na gidanku da Hajiya ta turo mata. Na ba su sunanka da lambarka da adireshi, don kai ka iya Turancin da za ka yi musu bayani. Na yi daidai, ko?"

Maitama ya dubi Tayyiba.

"Dokta? Kana jina? Rama ce dai, ko?"

Tayyiba ta miƙa hannu ta kashe wayar.

Hajiya Furera ta ajiye cokalinta tun tuni. Ba ta dubi Tayyiba ba, ɗanta take kallo.

"Maitama. 'Yan sanda ba sa zuwa don rama. Mece ce na yi wa ban ruwa?"

Ya durƙusa a gabanta, makullin na hannunsa.

"Tabar wiwi ce, Hajiya."

Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta juya tafin hannunta tana kallo, hannun da ya murje furen a faifai. A waje wata mota ta rage gudu a gaban gidan, dukkansu suka ji, babu wanda ya je taga.

"Fatouma," in ji Hajiya a hankali, ta lanƙwasa ɗan yatsa. "Hajiya Mardiya ta Manassas. Matar liman. Yashim, maƙwabciyar Mardiya, da ta rako ta. Uwar 'yan biyu, ita ta ce za ta shuka a filin makarantar Islamiyya, yara su gani."

Yatsun hannun dama suka ƙare. Ta ɗago na hagu ta ci gaba.